Maganin Mutum Biyu

Da ba don Ummi ba, da na tsallake wannan shekarar kamar yadda na tsallake wasu, na wuce kai tsaye zuwa labarin aikin Hajjina. Amma ranar da takwarar tawa ta zo hutu daga jami'a, ta faɗa a tsakar gidana cewa binciken da za ta yi na kammala karatu a kan lafiyar matan da ke neman mata 'yan'uwansu ne, kuma in Allah ya yarda a wannan fannin take son ta yi aiki, sai ubanta Bashir ya miƙe har yana ture buta. Ya yi faɗan da zai yi, ban tanka ba, 'yarsa ce. Da zai fita sai na ji ya ce,

"Dama an ce a jini abin yake. Ai wannan maganar ce ta sa aka kori kakarki daga Rogo."

Ashe abin da kuka riƙe ke nan tun kuna yara, ba wanda ya taɓa tambayata. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, ba zan ɓoye muku ba. To ku zauna ku ji daga bakin mai ita. Da farko dai ba korata aka yi ba, canjin wurin aiki aka yi mini, ko da yake wanda ya san hanyar Gwangwan da damina a wancan zamanin zai ce bambancin ba shi da yawa.

A lokacin ina aikin jinya da unguwarzoma a wani ƙaramin ɗakin shan magani a Rogo, babanku kuma yana magatakarda a Ƙaraye. Shugabanmu a wurin aiki Malam Tanko ne, mutumin kirki mai saurin fushi, kuma yana da doka ɗaya da ba ya ɗagawa. In mace ta zo da ciwon sanyi, wato ƙaiƙayi da farin ruwa mai wari da ciwon mara, ba a ba ta magani ita kaɗai. Sai mijinta ya zo, ko a ƙulla nasa a ba ta ta kai masa, su sha tare su gama tare. Dalilin a fili yake: in ta warke ta koma wurin wanda bai warke ba, an yi aikin banza. Doka ce mai kyau, kuma ni na fi Malam Tanko tsananta ta. Na sha tare mazaje a bakin kasuwa ina tambayarsu ko sun shanye ƙwayarsu, suna sunne kai suna neman hanyar gudu. Saboda haka tambayata ta farko ga duk macen da ta zo da wannan ciwo ita ce, ina mijinki?

Sai ga wata mata da zan kira Ladi, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa daga wajen Jajaye. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana zaune da 'ya'yanta a gidan da ya bari. Na duba ta, na ba ta farar ƙwayar nan mai ɗaci da ke barin ɗanɗanon ƙarfe a baki, tunda babu miji na ba ta nata kaɗai. Ta warke. Kafin a gama cire gyaɗa ta dawo da ciwon. Na sake ba ta, na yi mata faɗan tsafta, ta sake warkewa, ta sake dawowa. Malam Tanko ya ce da ni,

"Sista, ki daina ɓata mana magani. Matar nan tana da wani a ɓoye. Ko ta kawo shi, ko ta nemi wani wurin."

Na shigar da ita ɗaki na rufe ƙofa. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta faɗa mini ko wane ne, ba sai ya zo ba, zan ƙulla mata nasa. Ta dube ni ido cikin ido ta ce,

"Sista, wallahi tallahi tun da maigidana ya rasu namiji bai taɓa ni ba. In ƙarya nake kada Allah ya kai ni gida."

Na yi shekaru ina jin rantsuwar mata a ɗakin nan, na san ta gaskiya na san ta kare kai. Wannan ta gaskiya ce. Na ba ta maganin ba da sanin Malam Tanko ba, na zauna ina ta juya abin a raina.

Ladi ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba. Kullum akwai wata ƙawarta da ke rako ta, doguwa marar yawan magana, bari in kira ta Asabe. Ita ma ba ta da aure a lokacin, tare suke suyar ƙuli-ƙuli. Takan zauna a gindin darbejiyar da ke ƙofar wurin aikinmu tana riƙe da mayafin Ladi da takalmanta, ba ta taɓa shigowa ba. A zuwan da ya biyo baya na fito zubar da ruwa, sai na lura da zamanta: tana muskutawa, tana matse ƙafa, irin zaman da na gani a kan bencinmu sau ba adadi. Na koma ciki, na gane ciwonta da na Ladi ɗaya ne. Ba wai ban taɓa jin kalmar maɗigo ba. Na yi makarantar kwana, kuma kowa ya san ana faɗarta a cikin zagi da raɗa. Amma ban taɓa kawo ta kusa da aikina ba, domin ba wanda ya taɓa koya mini cewa tana da alaƙa da shi. Na rufe ƙofa na ce da Ladi,

"Yau ba zancen namiji zan yi miki ba. Akwai wadda ya kamata in ba wa magani tare da ke?"

Ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba. Can sai ta zame daga kan benci ta durƙusa ta kama ƙafata.

"Sista, ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki. Ina da 'ya'ya mata, ba su yi aure ba."

Na ce ta tashi, ni ba alƙali ba ce, ba kuma limami ba. Na ƙulla magani kashi biyu kamar yadda nake ƙulla wa kowace matar aure. Na ce su sha tare su gama tare, su haƙura da juna har ƙwayar ta ƙare, kowacce ta riƙe tsummanta da soson wankanta daban, a yanke farce, a wanke hannu da sabulu. Abin da na sani ke nan, rabinsa ma hankali ne kawai ya ba ni. Ciwon bai sake dawowa ba.

Ku kuna iya tambaya me na ji a raina. Na ji nauyi, na yi istigfari, kuma na san abin da addinina ya ce. Amma na san hisabi ba a hannuna yake ba, abin da aka damƙa mini shi ne jikin wadda ta zo gabana da ciwo. Abin da ya fi damuna shi ne da na koma gida na zazzage littattafan da muka yi karatu da su, ban sami ko layi ɗaya a kan wannan ba. Duk inda aka yi maganar ciwon sanyi, miji ne da mata. Daga nan na canza tambayata. Na daina cewa ina mijinki da an zauna, sai in ce, su wa za mu ba wa magani tare da ke? Yawanci miji ne, a wuce wurin. Amma jefi-jefi sai wata ta yi irin shirun Ladi. Ba su da yawa, amma ba ɗaya ba ce ba biyu ba, kuma har da masu aure. Abu guda na lura duk sun yarda da shi: tunda babu namiji a ciki, babu cuta. Don haka ba sa zuwa da wuri, in sun zo kuma ba sa faɗar gaskiya, mu ma ba ma tambaya. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma da mu da su duk a cikinsa muke.

A ƙarshen wannan shekarar aka zaɓe ni in je Kano ƙarin karatu na manyan ma'aikatan lafiya, wanda in ka gama ana ba ka shugabancin wuri. Kowane ɗalibi sai ya yi bincike a kan wani abu da ya gani a wurin aikinsa. Ni kuwa na riga na san nawa. Kafin in kai wa malamai, na faɗa a gida, wata ranar Juma'a bayan la'asar, babanku yana gyaran fitilar babur, kakarku Iya tana ɓarar gyaɗa a kan tabarma. Babanku ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Rabi, duk ciwon da ke ƙasar nan, ga ƙyanda, ga gudawa, ga mata na mutuwa wurin haihuwa, ba ki ga na ɗauka ba sai wannan? Kin san inda nake aiki. In maganar ta fita, da wane ido zan dubi mutane?"

Na ce masa ƙyanda da gudawa suna da masu bincike fiye da ɗari, wannan ba shi da kowa. Iya ba ta ɗago kai ba, ta ce,

"'Yar nan, abin nan ba yau aka fara shi ba. Tun muna yara akwai su, kowa ya sani, kowa ya yi shiru, aka zauna lafiya. Ke ki ba su maganinki ki yi shiru. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Na ce, "Iya, ai ke kika koya mini ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Ta ce, "Na koya miki. Ban ce ki kai shi Kano ba."

Na kai shi Kano. Ina da taurin kai, kun gada, ba sai na yi muku bayani ba. Malamin da ke duba aikina wani likita ne dattijo, na shiga ofishinsa ina jiran ya kore ni. Sai ya cire tabarau ya ce in zauna. Ya ce a wasu ƙasashe an fara karatu a kan wannan, akwai waɗanda shi ne aikinsu kacokan, amma a nan bai san wanda ya taɓa shi ba. Ya ce in na yi shi da kyau zai tsaya mini in wuce jami'a, wata rana ni zan koyar da masu jinya abin da ba a koya mini ba. Ranar na fito ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ni 'yar manomi daga Kafin Dafga, ga ƙofar jami'a an buɗe mini. Na so abin nan, ku sani, na so shi fiye da duk wani abu da na taɓa so a wurin aiki.

Amma akwai sharaɗi, kuma ba don mugunta aka kafa shi ba. Kowane ɗalibi sai malaminsa ya bi shi har garinsu ya ga mutanen da ya yi bincike a kansu, don kada wani ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiro. Mai binciken rijiyoyi an bi shi an leƙa rijiyoyi. Ni ma za a biyo ni. Likitan ya ce ba za a rubuta sunan kowa ba, zai gaisa da mutum biyu ko uku ne kawai ya yi musu tambayoyi kaɗan. Shi mutumin birni ne, bai san abin da yake faɗa ba. A Rogo ta wancan lokacin, in farar mota mai tambarin gwamnati ta shigo, kafin direba ya kashe ta an san ƙofar da ta tsaya. In kuma na kira su ɗakin shan magani ranar da baƙo ya zo, masu zama gindin darbejiya za su ƙirga wanda ya shiga. Na roƙi a ɗaga mini sharaɗin, aka ce doka ba ta da ɗan gida.

Na tafi wurin Ladi da rana tsaka kamar mai sayen mai. Na same su suna matsar tunkuza, Asabe ta ba ni kujera ta koma gefe. Na yi wa Ladi bayani dalla-dalla, ban rage komai ba. Ta goge hannunta a zane ta ce,

"Sista, ke kika warkar da ni, kika rufa mini asiri. In kin ce in zo, zan zo."

Amma na ga hannun Asabe yana rawa a kan turmi. A tsakar gidan kuma babbar 'yar Ladi tana tsefe wa ƙanwarta kai, an riga an kawo kuɗin gaisuwarta. Na gane Ladi ba yarda ta yi ba, kunyata take ji, kuma da na ce ta shiga wuta za ta ce to. Na sayi man da ban da buƙata na koma gida. Da sati ya zagayo na je na shaida wa likitan na janye. Ya yi ta lallashina, na ce ya yi haƙuri. Na yi bincikena a kan ruwan gishiri da sukari, na ci, aka ba ni takarda. Zancen jami'a bai sake tasowa ba.

Na zaci shi ke nan, ashe zancen duniya ba ya ɓuya. Wani da muka yi karatun tare, ɗan yankinmu, ya riga ya kawo labarin abin da na fara nema in bincika. Kafin in dawo magana ta canza kama: wai ba wanda zai damu da irin waɗannan mata sai irinsu. Matan da na karɓi haihuwarsu suka fara aiko da cewa a turo musu wata. Na gaishe da wata a gidan suna ta janye 'yarta daga kusa da ni. Wannan ya yi mini ciwo fiye da rasa jami'a. Sai yayan babanku, Baffa Alhaji, ya kira mu zaurensa, ni da babanku. Bayan doguwar gaisuwa ya ce,

"Rabi, mu mun san ki. Amma bakin mutane sai an toshe shi da wani abu. Ki faɗa mini su wane ne, ni kaɗai, a yi musu nasiha, kowa ya san aiki ne ya haɗa ki da su. Sai ki wanke kanki, ki wanke ƙanena."

Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri. Matarka ma ta sha zuwa wurina. In wani ya kira ni zaure ya ce in faɗi abin da ya kawo ta, in faɗa?"

Ya ce wannan daban. Na ce a wurina ɗaya ne. Ya juya ga babanku ya ce ya yi wa matarsa magana. Babanku ya ce,

"Yaya, na hana ta tun farko ba ta ji ba, kuma har yanzu ina jin haushinta. Amma amana aka ba ta. Ba zan sa ta ci ba."

Ya ji haushin nawa kuwa, ba wasa. Mun yi wata da watanni daga gaisuwa sai kuɗin cefane. Shugabancin da na je karatu dominsa aka ba wani, ni kuma aka tura ni Gwangwan, aka ce ana buƙatar ƙwararriya a can. Babanku ne ya riƙa kai ni a babur yana ɗauko ni, cikin taɓo da kwazazzabai, ba ya ce mini uffan. Wata rana muka faɗi a cikin wani rafi, muka tashi jage-jage da laka, ya dube ni ya ce, "To, Malama mai bincike, a rubuta wannan ma." Muka yi dariya har muka kasa tada babur. Daga ranar muka shirya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ba zan ce muku duk abin ya ƙare da daɗi ba. Bayan wasu shekaru aka kawo mini Asabe a Gwangwan tana zubar da jini. Ciwon daji ne na bakin mahaifa, ya riga ya ci jiki. Ta daɗe tana ganin alamu, amma ta ce a zatonta wannan ciwon matan da ke da maza ne, kuma bayan tashina ba ta san wanda za ta iya faɗa wa ba. Ladi ce ta yi jinyarta har ta cika. Na sha tambayar kaina, da na yi binciken nan, da an koya wa masu jinya yadda ake tambaya, da an gaya wa irin su Asabe cewa su ma sai an duba su, ko da ta zo da wuri? Ban sani ba. Na rufa asirin mutum biyu, ilimin da zai amfani da yawa kuma ya tsaya a cikina. Har yau in na tuna sai na ji zafi, amma da za a mayar da ni tsakar gidan nan in ga hannun Asabe yana rawa, abin da na yi shi zan sake yi.

Saboda haka Bashir, ka bar yarinyar nan ta yi karatunta. Ba ta ce za ta halatta wa kowa komai ba, ciwo za ta koya ta warkar, kuma masu ciwon suna nan ko ka so ko ka ƙi. Ke kuma Ummi, na ji an ce yanzu akwai hanyoyin yin bincike ba tare da an san wanda ya yi magana ba, ki koye su da kyau kafin ki tambayi kowa komai. Za a zage ki, ki shirya. In mace ta ce miki to, ki dubi hannunta kafin ki yarda. Kuma kada ki taɓa bari mota ta tsaya a ƙofar gidan kowa.

Na san ku, yanzu kun fara lissafin tsofaffin da ke sayar da ƙuli-ƙuli a Jajaye. Ku huta. Ba Ladi ne sunanta ba, ba ƙuli-ƙuli take yi ba, ba kuma daga Jajaye take ba. Tana nan da ranta, ta aurar da 'ya'yanta duka cikin mutunci, tana da jikoki. Kai Bashir ta goya ka a bayanta kana jariri, kuma da sallar da ta wuce na gan ka ka durƙusa har ƙasa kana gaishe ta, tana sa maka albarka. Ka ci gaba da durƙusa wa duk tsohuwar da ka gani. Ba za ka taɓa jin wacece ba daga bakina.